Ƴata ta haddace littafin lakwal, amma ba ta iya karatu ba

Assalamu alaikum Malama. Daga Damagaram nake rubuto miki. Ina da yarinya ƴar shekara 8, bana tana CE1, wato aji uku na firamare. Kullum in ta dawo daga lakwal sai ta buɗe littafi ta rera shafin da aka yi musu tiryan-tiryan, mu kuwa muna ta murna. Ran nan ƙanena ya zo, ya rufe hoton da tafin hannunsa, ya nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi. Shiru. Ashe hadda ce kawai. Babanta ya ce a ɗauko mushe, wato malamin lakwal, ya riƙa yi mata kur, ƙarin darasi, a gida, jika biyar a wata, ko kuma baɗi a mai da ita lakwal ta kuɗi. Ƙanen nawa ya ce a sayi kwamfutar hannu a sa mata manhajojin karatu. Uwar mijina ta ce mu ƙyale ta, ai tana zuwa allo, kanta zai buɗe in lokaci ya yi. Ni a CM2, aji shida, na tsaya, Faransancin ya gudu, amma ina karanta Hausa sarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babanta ya fara ce mata daƙiƙiya, ita kuma yanzu da ta ga littafi sai ta ce kanta na ciwo. Ƙarfinmu bai kai mu yi duka ba. Wanne zan zaɓa? Ko laifina ne?

Wata uwa, Zinder

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana ita.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don na san ita ce take hana ki barci. Ba laifinki ba ne, kuma yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Ki duba abin da ta yi: ta ji shafi guda cikin harshen da ba a yi da shi a gidanku, ta riƙe shi a ka, ta zo ta mayar muku ba tuntuɓe. Wannan aikin mai ƙwaƙwalwa ne. A ajin da ya cika maƙil, malama tana karantawa a tablo, yara suna amsawa baki ɗaya, yaro mai wayo yakan gane cewa in ya riƙe abin da kunnensa ya ji zai tsira ba tare da ya kalli baƙaƙen ba. Hanyar da ƴarki ta bi ke nan shekara biyu, CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, ba wanda ya tsayar da ita. Ƙanenki ya yi muku babban alheri da ya gano abin yanzu, kafin a shiga azuzuwan da ko lissafi ba ya yiwuwa sai yaro ya karanta tambayar da kansa.

Kowa a gidan ya kawo magani, amma ba a riga an gano inda ciwon yake ba. Kafin ki fitar da ko dala, ki zauna da ita ku biyu, ba babanta, ba sauran yara, ki ce wasa za ku yi. Ki rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, ki ga nawa ta sani. In ta wuce nan, ki rubuta gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, to. In ta wuce, ki ƙirƙiro kalmomin da babu su, kamar lofa, mito, dupa, domin su ba yadda za a yi a ce ta haddace su. Daga nan sai jimla ɗaya gajeriya wadda ba ta taɓa gani ba. Inda ta cije, nan ne za a fara, ko da kuwa wurin aikin ƴan CI ne. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya a kan irin wannan ɗan gwaji ta gina tsarinta: a koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga sunan ajinsa ba, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauki tsarin. Kada fuskarki ta nuna komai in ta kasa. Ki ce madalla, ki rubuta abin da kika gani a kaye, littafin rubutu, ki ajiye.

Tsare-tsaren koyar da karatu suna da yawa, amma in kin tankaɗe su iri biyu ne. Akwai wanda yake nuna wa yaro kalma gaba ɗayanta da hoto a gefe, ya maimaita har ya riƙe kamanninta, in ya manta ya dubi hoton ya yi hasashe. Akwai kuma wanda yake koya masa sautin kowane harafi, sannan yadda ake haɗa su, kaɗan-kaɗan bisa tsari, har ya iya fasa kalmar da bai taɓa gani ba. Na biyun nake so ki nema, ko a wajen mushe, ko a littafi, ko a salula. A shekarar 2000 wani kwamiti da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya tattara binciken da aka yi a kan koyon karatu, ya fitar da ginshiƙai biyar: yaro ya iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma, ya san harafin kowane sauti, ya karanta a sake ba gargada, ya tara kalmomi, ya kuma fahimci abin da ya karanta. Ingila ma tun 2006 ta karkata ga koyar da haɗa sautuka a makarantunta. Mu kam wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo ana fara wa yaro da babbaƙu, sai an tabbata ya san baƙaƙen a kai shi farfaru a sa masa wasula, sannan ya soma haɗawa. Malaman zaure sun daɗe da sanin cewa ba a tsallake wannan matakin.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Kin ambaci iya karatun Hausarki kamar wani ƙaramin abu, alhali shi ne mafi tsada a cikin duk abin da gidanku yake da shi. Ki fara koya mata haɗa baƙi da Hausa, ke da kanki.

Dalili na farko, rubutun boko na Hausa miƙaƙƙe ne. Kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, abin da aka rubuta shi ake faɗa. Faransanci ba haka yake ba: sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furta su. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. In ta haɗa tu da ku da nya ta ji bakinta ya ce tukunya, nan take za ta gane ta yi daidai, don ta san tukunya, ga ta can a murhu. In kuwa ta sha wahala ta haɗa kalmar Faransanci da ba ta san ma'anarta ba, ba abin da zai gaya mata ta dace ko ta kuskure. Kaya biyu aka ɗora mata a lokaci ɗaya, koyon karatu da koyon sabon harshe, shi ya sa ta sauke ɗaya ta koma hadda. Dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, in ta zauna a harshe ɗaya sai a ɗauke ta a kai wani. Kuma ina so ki san cewa a garinku aka fara gwada wannan a Nijar: a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa kafin Faransanci, a 1973. A 2025 kuma kundin da ƙasa take tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Karatun Hausa ba ɓata lokaci ba ne ko ta wane gefe aka duba.

Babanta zai iya cewa Hausar za ta rikita mata Faransancin, kuma tsoronsa yana da ɗan tushe. Harafin u na Hausa shi Faransanci yake rubutawa ou, c ɗinmu na ciki da cokali ba shi ne nasu ba, abin da muke rubutawa sh su ch suke sa masa. Amma a, i, o, b, d, k, l, m, n, t duk tafiyarsu ɗaya. Waɗanda suka saɓa ƴan kaɗan ne, in lokacinsu ya zo sai a nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan a lakwal ga yadda ake kiransa. Yaran da suke riƙe baƙaƙen Larabci da na boko a kai ɗaya ba wannan ne zai gagare su ba.

Minti 15 a rana ya isa, amma kullum, a lokacin da ba ta gaji ba kuma ba yunwa a cikinta. Ko da rana ce ta neman ruwa, a rage mata wani aiken, kada a taɓa wannan lokacin. Allon ardwaz da alli, ko kwalin shayi da kika yanka kika rubuta haruffa a kai, sun wadatar. Ki fara da a, i, u, ki ƙara b, m, k, n, t. Sautin harafin za ki faɗa mata, ba sunansa na lakwal ba: mmm za ki ja, kada ki ce em, don yaron da aka koya wa em da a yakan haɗa su ya ce ema. Da waɗannan takwas kaɗai za ta karanta baba, kaka, nama, kuka, tuta, baki. Kafin mako biyu ina sa ran za ki iya rubuta mata "Kaka ta ba ni nama" ta fasa shi da kanta. Ranar da hakan ta faru ki duba fuskarta da kyau. Kowane zama kuma ta rubuta kalma biyu ko uku da kika faɗa mata, don hannu yana taya ido riƙewa. Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da masu harafi biyu irin su ts da sh, ki bar su sai ƙafarta ta tsaya.

In haɗawar ta zauna, saura sakin harshe, wato ta daina tsinkar kalma gaɓa-gaɓa ta karanta kamar mai magana. Wannan maimaici ne yake kawo shi. Ki samo ɗan labari mai layi biyar ko shida, ki karanta mata tana bin yatsanki, ku karanta tare, sannan ta karanta ita kaɗai, a yi haka kwana biyu ko uku. Amma ki yi hattara, ƴarki gwanar hadda ce. Kada labari ɗaya ya wuce kwana uku a hannunta, kuma lokaci-lokaci ki sa ta fara daga layin ƙarshe ta yi sama. Duk ranar Juma'a ki ba ta sabon rubutu, ki sa agogon salula minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ta karanta daidai ki rubuta a kayen nan. A Faransa ana sa ran yaro ya kai kalma 50 a minti a ƙarshen CP, 70 a ƙarshen CE1, amma waɗannan yara ne da suka tashi da harshen a bakinsu, don haka kada ki mai da lambar bulala. Da lambarta ta makon jiya kawai za ki gwada ta. Bayan kowane karatu ki tambaye ta wa ya yi me, don me, don gudu ba fahimta wata haddar ce.

Abin karantawa kuwa ba sai kin saya ba. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library, dukansu suna da ƙananan labarai na Hausa masu hotuna, kyauta, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ƙanenki ya sauke su sau ɗaya a salularsa, ki kwafe a kaye da manyan baƙaƙe ko a buga muku a shagon hotokofi. Za ki ga waɗanda aka rubuta a Najeriya suna sa 'y inda mu muke sa ƴ, wannan ba komai. Wanda ya fi duka daɗi shi ne na gida: Hajiya, uwar mijinki, ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, da safe yarinyar ta maimaita miki, ki rubuta da kalmominta, ta karanta wa kakarta. Kin ga Hajiya ta shigo cikin aikin ba tare da an yi musu da ita ba. Tana da gaskiya a kan haƙuri, tana da gaskiya a kan allo, kada a taɓa shi. Inda na saɓa mata shi ne jira. Magana ce yaro yake tsinta da kansa a tsakar gida. Karatu sai an koyar, kuma kowace shekara aka jira, littafin ajin yana ƙara yin nisa.

To ina za a sa kuɗin? In jika biyar ɗin nan za ta fita, a wajen mushe za ta fi amfani, domin ɓangaren Faransanci yana buƙatar wanda ya iya furta shi. Sai dai ba kowane mai kur ba ne mai koyar da karatu. Da yawa aikin gida suke taya yaro, ko su sake bitar shafin da aka yi a aji, wato su ƙara mata haddar da muke gudu, a kuma biya su. Ki tambaye shi tun farko: in yaro ya cije a kalma, me kake yi? In ya ce yakan faɗa masa ya maimaita, ko ya ce ya dubi hoto, ki yi masa godiya ki nemi wani. In ya ce yakan sa shi ya fasa ta sauti-sauti, ki ba shi wata ɗaya na gwaji. Ki nuna masa abin da kika rubuta a kaye, ki zauna kusa a zaman farko, ki kuma gaya masa a fili cewa ba duka ba zagi. Littafin da zai yi aiki da shi ya zama mai tafiya sauti bayan sauti, wanda kalmomin kowane shafi daga abin da aka riga aka koya suka fito. In kuɗin sun yi nauyi, ku haɗu da maƙwabta biyu ko uku masu yara a mataki ɗaya ku raba, ɗalibin jami'a ko na makarantar horon malamai mai haƙuri zai iya. A ƙarshen wata ki ba ta rubutun da ba ta taɓa gani ba. Shi zai gaya miki ko a ci gaba da biya.

Lakwal ta kuɗi kada a yi gaggawarta. Wasu suna da kyau, wasu kuma haddar ce dai cikin tufafi masu tsabta. In kun kai ga nan, ki je da kanki ki ga yawan yaran aji, ki duba littafin CP, ki roƙi a bar wani yaro ya karanta miki layin da ke kika zaɓa. Kwamfutar hannu ita ce ta ƙarshe a lissafina. Akwai manhajoji na kirki, kamar GraphoGame da aka faro a ƙasar Finland, wadda take da ta Faransanci, tana horar da yaro a kan sauti da harafinsa. Minti goma a salular kawunta ya isa. Na'ura ba ta jin inda yarinya ta yi tuntuɓe in tana karatu a bayyane, ga caji, ga bidiyoyin da za su janye ta.

Ki kuma je ki ga malamar ajinsu, da gaisuwa da girmamawa, ba da ƙorafi ba. Mai fama da aji guda ba ta da sarari ta saurari kowane yaro shi kaɗai, amma in ta san akwai uwa a baya tana ƙoƙari za ta iya dawo da ita benci na gaba, ta kuma gaya miki sautukan da suke kai don aikin gida da na aji su tafi tare.

Ciwon kan nan kada ki ɗauke shi ƙarya. Mai yiwuwa tsoro ne, don tsoro yana sa ciwon kai na gaske. Mai yiwuwa kuma ido ne. Ki lura ko tana matse ido, ko tana kai littafi dab da fuska, ko sai an maimaita mata magana kafin ta ji. A kai ta asibiti a duba ido da kunne, wannan kuɗin ya riga na mushe. In kuma an yi wata biyu ko uku ana aikin nan kullum amma sautukan suna zube mata, yau ta sani gobe ta manta, to akwai yaran da haɗa sauti da harafi yake yi wa wuya fiye da saura, abin da likitoci suke kira disleksiya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma hanyar dai ita ce wannan, sai dai a ƙara yawan maimaici a rage girman mataki.

Saura maigida. Mutumin da ya yarda ya cire jika biyar duk wata a wannan zamani ba ƙin ƴarsa yake yi ba, tsoro ne ya fito masa ta baki. Amma kalmar nan dole ta tsaya. Ki same shi ku biyu, bayan ya ci abinci ya huta, ki tuna masa abin da shi ma ya sani, cewa bakin uba yana kama ɗa, kuma tun da aka fara kiranta da sunan nan ta fara gudun littafi. Kada ki tsaya a hani kawai, ki ba shi nasa aikin. Ran Juma'a in kin gama ƙirga, ta je ta karanta masa layi biyu, shi kuma abin da ake so daga gare shi ya saurara har ƙarshe ya sa mata albarka. In zai je kasuwar Dole ya ɗauke ta a babur, ta nemo masa harafin da kuka koya a makon a jikin allunan shaguna da kwalayen kaya. Uban da ya ji ƴarsa ta fasa kalma a gabansa da kansa zai janye maganar.

Ki yi gwajin nan gobe in Allah ya kai mu, ki sa ranar duba ido cikin makon nan, ki roƙi maigida ya dakata da batun canja lakwal har ku cika mako shida kuna zaman minti 15. In sun cika ki sake rubuto mini, ki gaya mini inda ta cije ranar farko da lambobin Juma'o'in da kika tara, sai mu duba tare ko lokacin ɗauko mushe ya yi. Ki gaishe mini da ita, ki gaida Hajiya.